Fitilar Baba Firuz

Da sunan Allah nake farawa, kuma zan bi labarin nan daki-daki yadda ya faru, don ba na son labarin da aka kamo ta wutsiya. Sunana Haruna, direba, mutumin ƙasar Zazzau. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare da abin da ya sawwaƙa na allo ba. Yadda na bar gida ba shi da abin faɗa. Abin da na tarar shi ne labari.

Zangon farko, Abu Hamur.

Dillalin da ya yi mini hanya ya ce tuƙi zan yi a kamfani, mota mai sanyi, ɗaki ni kaɗai. Da na sauka Doha sai na tarar kafil ɗina, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, ɗan kasuwar kayan gwari ne, motar da aka ba ni kuwa kura ce ta turawa. A babbar kasuwar Abu Hamur na yi ta turin akwatunan tumatir da albasa tun asuba har rana ta take, ina kwana a Mu'aizar cikin ɗaki mai gadaje hawa-hawa. Duk wanda ya kira ni daga gida sai in ce aiki alhamdu lillahi, wanda ba ƙarya ba ne, in kashe waya.

Wata safiya wani dattijo fari, siriri, mai dogon hanci da 'yar baƙar hula kamar tashi-ka-fiye-naci, ya tsaya a gaban akwatin rumman ɗinmu. Mai shago ya riga ya horar da mu cewa duk wanda ya tambaya a ce masa kayan yau ne. Dattijon ya tambaye ni da Turanci ko na yau ne.

Na ce, “Na makon jiya ne, Baba. Na yau suna can ƙarshen layi.”

Mai shago ya ji, ya zazzaga mini zagi da Larabci har makwabta suka leƙo. Dattijon ya tafi ƙarshen layi ya sayi rumman ɗinsa, ya dawo ya tsaya a gabana.

Ya ce, “Ka iya tuƙi?”

Na ce abin da ya kawo ni ƙasar ke nan. Shi da kansa ya yi ta zirga-zirgar ofisoshi har aka mayar da takarduna hannun kamfanin da yake wa aiki, aka ba shi ni a matsayin direba.

Zango na biyu, Mushairib.

Sunansa Firuz. A Bombai aka haife shi, injiniyan ruwa ne, ya tsufa a Doha. Matarsa Roshan ta rasu, 'yarsu guda tana aure a Indiya. Kakanninsa mutanen Farisa ne da suka shiga jiragen ruwa suka bar ƙasarsu fiye da shekara dubu da ta wuce, don su riƙe addininsu. Su suna ce da kansu mabiya Zartusht. Mu kuwa majusawa muka sani. Abu biyu kaɗai na taso da shi game da su: suna bautar wuta, kuma wutarsu ta mutu daren da aka haifi Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ban taɓa zaton akwai sauransu a duniya ba, balle in riƙa buɗe wa ɗayansu ƙofar mota.

Mai gadin benen da Baba Firuz yake zaune a unguwar Mushairib wani Bakano ne daga Wudil, Sabi'u, mai yawan baki. Ranar da ya gane inda nake aiki sai ya riƙe haɓa.

“Kai Bazazzagi, duk Larabawan garin nan ba ka samu ubangida ba sai mai bautar wuta?”

Na ce, “Kai ma ai gadinsa kake yi.”

“Ni ƙofa nake gadi. Kai ka sani da murhunsa.”

Ni mutum ne mai lura, ga kuma abin da na gani. Baba yakan wanke fuska da hannaye da ƙafafu. Sannan ya kwance wata farar igiya ta ulu da ke ɗaure a ƙugunsa, ya sake zagaya ta sau uku yana karatu a hankali. Sau biyar yake yin haka a yini. A kusurwar ɗaki akwai ɗan tebur, a kansa kofin gilashi, ruwa a ƙasa, mai a sama, lagwani na yawo a kai da 'yar wuta kamar ƙwayar gyaɗa. Roshan ce ta kunna ta da hannunta ranar da suka fara kama gida a Doha. Kullum da safe Baba yakan shirya sabon kofi, ya ɗebo wutar da tsinken icen sandal daga tsohon lagwani zuwa sabo. Ko da suka canza gida, a cinya ya ɗauko ta cikin mota. Ba ta taɓa mutuwa ba.

A gefenta akwai ɗan kaskon ƙarfe da yakan zuba garwashi ya ɗora turare. Wata rana na shigo da kayan cefane na ga garwashin na neman mutuwa, Baba na ciki. Na yi abin da kowane ɗan Hausa zai yi. Na durƙusa, na cika baki da iska, na hura. Ban ankara ba sai na ji an fizgo wuyan rigata ta baya. Tsohon nan da ba ya iya ɗaukar jarkar ruwa ya kusa kayar da ni.

Ya ce, “Ba a yi. Numfashi ba ya taɓa ta. Yawu na cikinsa.”

Na ba shi haƙuri. Na ce a garinmu in ba a hura ba ba a ci tuwo. Ya sake ni, ya zauna yana haki, can ya yi murmushi. Ya ɗauko hoton malamansu a gaban babbar wuta, kowanne da farin ƙyalle ya rufe hanci da baki. Ya ce haka suke yi tun zamanin sarakuna. A raina na ce wannan wahala da yawa take.

Na tambaye shi kai tsaye ko wutar yake bauta wa.

Ya ce, “Ubangiji ɗaya ne, mai hikima, mu Ahura Mazda muke kiransa. Haruna, in ka fuskanci gabas, ginin kake bauta wa?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To.”

Ban gamsu ba gaba ɗaya. Bai taɓa neman in bi addininsa ba, ya ce su ma ba sa karɓar baƙo. Ya ce duniya filin daga ce tsakanin gaskiya da ƙarya, kuma kowane mutum soja ne, makamansa uku: kyakkyawan tunani, kyakkyawar magana, kyakkyawan aiki. Ranar da ya ce mini bayan mutuwa akwai gada, wadda take faɗaɗa wa na kirki, ta tsuke wa mugu kamar kaifin takobi, sai da na faka mota a gefen titi. Tsigar jikina ce ta tashi. Na ce a raina, Allah mai iko, ashe har labarin siraɗi ya je musu.

Duk Juma'a da yamma nakan kai shi bakin teku. Yakan tsaya ya nuna ƙetaren ruwan da sandarsa ya ce Farisa na can, kusa ƙwarai, amma bai taɓa taka ta ba. A nan yake ba ni labarin sarakunansu, ni kuma na haddace su a jere, don ina son abu a jere. Sairus ne farko, wanda ya ci Babila ya sallami bayin da ya tarar su koma garuruwansu. Sai ɗansa Kambiz da ya ci Masar. Sai Dara, wanda ya shimfiɗa hanyoyi ya kafa zango-zango da dawakai, ɗan aike na miƙa wa ɗan aike saƙo ba tsayawa, kuma ya sa aka sassaƙa a jikin tsauni cewa ƙarya ce take tayar da ƙasashe. Sai ɗansa Kashayarsha. Haka har zuwa wani Dara na ƙarshe da Iskandari ya ci da yaƙi ya ƙone fadarsu. Bayan ƙarnuka wani gidan sarauta ya sake tasowa, a cikinsa ne aka yi Kisra da muke ji a wurin malamai. Ya ce abu uku ake koya wa 'ya'yan manyansu: hawan doki, harbin baka, da faɗar gaskiya. A nan na gane abin da ya dawo da shi wurin akwatin rumman.

A falonsa akwai babban hoton wata matakala ta dutse, an sassaƙa al'ummai jere-jere suna kai wa sarki gaisuwa. Ya nuna mini layin ƙarshe. Mutane ne masu gashi irin nawa, ɗaya na ɗauke da hauren giwa, suna jan wata dabba kamar raƙumin dawa. Na daɗe ina kallonsu. Ashe tun kafin Annabi Isa baƙar fata ke tafiya gabas neman abin da ya kawo ni. A wani hoton kuma ga wani babban bafade tsaye gaban sarki, ya sa hannu ya kare bakinsa.

Zango na uku, korona.

Ba a jima ba annoba ta sauka. Aka rufe masallatai, aka tsayar da jirage, garin da ba ya barci ya yi tsit. Gaba ɗaya Doha, Balarabe da Bahindiye da Bahaushe, kowa ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Ranar farko da na sa takunkumi Baba ya dube ni ya ce, “Yanzu kana iya matsowa kusa da wutar.”

Cikin azumi zazzaɓi ya kama shi, numfashi ya fara yi masa wuya. Kafin motar asibiti ta iso ya kama hannuna ya damƙa mini makulli.

“Ba ni da kowa a garin nan. 'Yata ba ta da hanyar zuwa. Kada ka bar fitilar nan ta mutu.”

Na ce to, don ba a musu da mai jinya. Bayan an tafi da shi ne nauyin abin ya faɗo mini. Ni Musulmi, da azumi a bakina, in riƙa yi wa wutar majusawa hidima? Sabi'u bai rage mini komai ba.

“Malam Haruna, yau fitila, gobe sai mu ga igiya a ƙugunka.”

Babu masallaci a buɗe balle in tari malami. Na zauna na jera abin a raina. Ba zan rusuna mata ba, ba zan roƙe ta komai ba. Amana aka ba ni, kuma Manzon Allah ya riƙe wa mutanen Makka ajiyarsu alhali ba su bi shi ba. Sannan na tuna kakata. Da daddare takan binne gungume a toka, da safe matan makwabta su shigo da tsingaro ɗibar wuta, kuma ba ta taɓa tambayar abin da za su dafa ba. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba. Washegari na wanke hannu, na sa takunkumi, na shirya kofi, na ɗebo wutar da tsinken sandal. Ta kama.

Wata nas 'yar Kafanchan, Sista Rifkatu, ita ce ke kula da ɗakin da aka kwantar da shi. Takan kira ni da wayarta in ta samu sarari.

“Ɗan'uwa, tsohonka ba ya iya magana sosai. Abu ɗaya yake tambaya, wai tana ci?”

“Ki ce masa tana ci.”

“Mece ce take ci?”

Na yi mata bayani. Ta ce, “Jikokin Sairus ke nan? Ai yana cikin Littafinmu. To Allah ya tashe shi.”

Ana haka sai ɗaya daga cikin abokan ɗakina a Mu'aizar ya kamu. Aka ce duk ɗakin za a kwashe mu zuwa wurin killacewa. Na roƙi wani ɗan tasi ya kai wa Sabi'u makullin, na kira shi.

Ya ce, “Ni in hura wutar majusawa?”

Na ce, “Ba hurawa ake yi ba. Ka saurara.” Na jera masa komai: ruwa, mai, lagwani, tsinke, takunkumi.

Ya ce, “Kalas, shi ke nan, na ji. Don kai zan yi, Bazazzagi, ba don ita ba. Kuma in aka tambaye ni ranar lahira sunanka zan faɗa.”

A killace na yi sallar idi ni kaɗai a gefen gado. Duk sanda Sista Rifkatu ta kira sai in kira Sabi'u in tambaya, ya ce tana ci, ni kuma in isar. Ranar da aka sallame ni ban biya ɗaki ba, Mushairib na nufa. Fitila na ci. Amma Sabi'u ya ƙi haɗa ido da ni, kuma a kan teburin na ga kwalin ashana, abin da bai taɓa shiga ɗakin nan ba.

Na ce, “Sabi'u.”

Ya zauna a ƙasa. Kamfaninsu ne ya ɗauke shi ba shiri ya kai shi gadin wani wuri a bayan gari, ba a dawo da shi ba sai bayan kwana biyu. Ya hau benen da gudu ya tarar mai ya ƙare, lagwani ya yi baƙi.

“Wallahi sai da na ji kamar na kashe mutum. Amma wuta wuta ce, Malam. Wa zai bambance? Tsohon nan da ƙyar ya sha. Ka faɗa masa, ka ƙarasa shi.”

Maganarsa ba ta wofi ba ce. Na kwana ina juya ta.

Da aka sallamo Baba ya zama kamar kara. Na riƙo shi har ɗaki. Bai zauna ba sai da ya wanke hannu, ya gyara hula, ya tsaya gaban fitilar. Na ji ya ce a hankali, “Roshan, na dawo.” Sannan ya juyo gare ni, idonsa da ƙwalla.

“Ka riƙe mini ita, ɗana.”

Bai tambaye ni komai ba. Da na yi shiru da shi ke nan. Sabi'u na bakin ƙofa yana girgiza mini kai. Amma in na karɓi godiyar nan, kullum da safe tsohon zai tsaya yana gaida abin da ba shi ba ne, kuma ni na tsayar da shi.

Na ce, “Baba, ta mutu sau ɗaya. Wannan sabuwa ce.”

Na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko. Ya lalubi kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon kofin, har na fara tunanin kiran asibiti.

Can ya ce, “Yau Roshan ta rasu.”

Ya shiga ɗaki ya rufe. Kwana da kwanaki ba ya cewa komai sai abin da ya zama dole, abinci kaɗan yake taɓawa. Sabi'u ya daina yi mini magana. Ni na ci gaba da canza kofi, don Baba bai ce a bari ba, kuma kullum ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Wata safiya na shigo na tarar ya riga ni, ya canza da kansa. Ya ce in kira masa mai gadi. Sabi'u ya shigo yana raɓe-raɓe.

“Kai ka kunna ta?”

“Ni ne, Baba.”

“Ka hura?”

“Da takunkumina, Baba. Har biyu na sa.”

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a zamanin da, in sarkin Farisa ya mutu akan kashe wutarsa, sabon sarki ya kunna tasa, daga nan a fara lissafin shekarun mulkinsa. Ya ce, “Ashe tun azumi sarauta ta canza a gidan nan ban sani ba.” Daga ranar bai ƙara kiran Sabi'u da sunansa ba, sai Sarki. Ni kuwa ya dafa kafaɗata kawai ya ce, “Rumman na makon jiya.” Na gane.

Zangon ƙarshe, gasar ƙwallo.

Shekarar da duniya ta taru a Doha don gasar cin kofin duniya, Baba ya ce in kai shi tashar jirgin ƙasa ta Mushairib ya ga mutane. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, kowace al'umma da tutarta da gangarta, suna gangarowa matakala jere-jere kamar hoton falonsa ya tashi yana tafiya. Sai ga ayarin mutanen Iran, wato Farisa ta yau. Wani saurayi a cikinsu ya hango ɗan tambarin da ke wuyan Baba, mutum mai fukafukai, ya zaro irinsa daga cikin rigarsa. Yarensu ba ɗaya ba ne yanzu, ba su iya cewa komai ba. Saurayin ya sunkuya ya sumbaci hannun tsohon, ayari ya ja shi ya tafi. Baba ya ce, “Ban je ba, ga shi ta zo.”

Kafin a gama gasar 'yarsa ta iso don ta tafi da shi gida gaba ɗaya. Wuta ba ta hawa jirgin sama. Na ce zan riƙe ta, ya ce a'a, ai na riga na riƙe abin da ya fi ta. Ba a hure ta, ba a zuba mata ruwa. Sai dai a daina ƙara mai a bar ta ta tafi da kanta.

Ranar jajibirin tafiyarsa, bayan la'asar, 'yar ta fita sallama da makwabta. Muka zauna mu uku a ɗakin da babu komai sai akwatuna, ni da Baba da Sarki. A waje ana ta busa da kiɗa, wata ƙasa ta ci wasa. Wutar ta yi ƙasa, ta koma shuɗiya, ta ɗan miƙe kamar za ta dawo, sannan ta kwanta. Wani siririn hayaƙi ya tashi tsaye bai karkace ba har rufi.

A lokacin an daɗe da daina sa takunkumi a garin. Sai da hayaƙin ya ɓace na lura hannuna na kan bakina. Na waiga wajen Sabi'u, na ga nasa ma yana can.